Tsibirin Luwis: Tarihin da Ke Kwance Cikin Sunayen Ƙauyuka da Duwatsu

A arewa maso yammacin Sikotland, bayan an haye mashigin teku mai yawan igiyar ruwa da ake kira Minch, akwai jerin tsibirai. Mafi girmansu ƙasa ɗaya ce mai suna biyu: arewacinta Luwis, wanda masu ita ke kira Leòdhas, kudancinta kuma Haris, ko Na Hearadh a bakinsu. A ƙidayar 2011 mazaunanta duka kimanin dubu 21 ne. Itatuwa ba su da yawa. Ƙauyuka sun jeru a bakin teku, tsakiyar ƙasar kuwa jeji ne mai danshi, cike da tafkuna da wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun tsirrai, mòine, wadda ake yankawa a shanya a hura wuta da ita. Harshen gida shi ne Galik, ɗan'uwan harshen Ailan. Sai dai mai jin Galik da ya bi allunan kan hanya yana karantawa zai tarar yawancin sunayen ƙauyukan ba su ce masa komai ba, alhali sunan kowane rafi da tudun da ke bayan gari a fili yake gare shi. Dalilin wannan bambanci shi ne tarihin tsibirin.

Mutanen farko da suka bar babbar alama su ne waɗanda suka kafa dogayen duwatsun Calanais, kimanin shekara 5,000 da suka wuce. Duwatsu 13 ne a da'ira, da guda a tsakiya mai tsayin kusan mita 5, ga wasu layuka sun miƙe ta fuska huɗu. Harshen magina ya tafi tare da su. Sunan Calanais kansa ya zo ne bayan shekaru dubbai, daga tsohon harshen Nowe, kuma nis ɗin ƙarshensa na nufin tsinin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa. Masu Galik suna ce wa duwatsun Tursachan, wasu kuma Na Fir Bhrèige, wato mazan ƙarya. An ce wai ƙattai ne da suka ƙi karɓar addinin Kirista, wani waliyyi mai suna Ciaran ya mayar da su duwatsu. Wannan zancen baka ne, kuma duwatsun sun girmi addinin da shekara dubu uku. Abin da ke rubuce shi ne a 1857 an kwashe mòine mai kaurin kusan mita ɗaya da rabi daga gindinsu kafin tsayinsu na gaskiya ya bayyana.

Haka hasumiyar dutse ta Dùn Chàrlabhaigh, mai shekara kimanin 2,000, wadda bangonta har yau ya kai mita 9 ta gefe ɗaya. Dùn kalmar Galik ce, ma'anarta ganuwa ko mafakar yaƙi. Càrlabhagh kuwa daga Nowe ne, lungun tekun wani mai suna Karl. Magini daban, mai lungun daban, mai kiran sunan daban. Masanan Rum na ƙarni na 1 da na 2 Miladiyya, Pliny da Ptolemy, sun ambaci tsibiran da suna mai kama da Hebudes, kuma ana ganin kuskuren masu kwafar littafi ne ya haifi Hebrides da Turawa ke faɗa yau. Leòdhas ma ana kyautata zaton ya girmi duk harsunan da aka sani a wurin. Mutanen Nowe da suka ji shi sun lanƙwasa shi ya zama Ljóðhús, wanda a harshensu ke kama da gidan waƙa.

A shekarar 563 wani malamin Kirista daga Ailan, Calum Cille, ya sauka a ɗan tsibirin Iona da ke kudu, ya kafa zawiyarsa, ya rasu a can a 597. Daga nan almajiransa da na wasu malamai suka bazu cikin tsibirai suna neman wuraren kaɗaici don ibada. A Luwis akwai Eilean Chaluim Chille, tsibirin Calum Cille, a cikin Loch Èireasort, akwai kuma Teampall Mholuaidh a Nis, majami'ar Moluag. Gine-ginen da ake gani yanzu na baya ne sosai, saboda haka sunan waliyyi a kan wuri bai tabbatar da cewa ya taɓa taka wurin ba. Akwai wani ɗan tsibiri kusa da ƙarshen arewa mai suna Luchruban, wanda ake kuma kira Eilean nan Daoine Beaga, tsibirin ƙananan mutane. Wani limami, Donald Monro, da ya rubuta bayanin tsibiran a 1549, ya kawo labarin cewa ana tono ƙananan ƙasusuwa a wurin, mutane na cewa na wadanni ne. Da aka duba irin ƙasusuwan daga baya sai aka ga na dabbobi ne da tsuntsaye, ginin kuma ya fi kama da ɗakin wani mai zuhudu. Sunan dai ya zauna.

Babban juyi ya fara a 795, lokacin da mahara daga Nowe, waɗanda Turawa ke kira Viking, masu Galik kuma Lochlannaich, suka far wa Iona. Sun dawo a 802, sannan a 806 suka kashe mutum 68 na zawiyar. Hari ya zama zama. Cikin ƙarni na 9 sun mamaye Luwis da iyalansu da dabbobinsu, har masu Galik na babban yanki suka koma kiran tsibiran Innse Gall, tsibiran baƙi. Su kuwa baƙin, da yake daga arewa suka gangaro, Suðreyjar suke cewa, tsibiran kudu.

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin taswirar ƙauyukan Luwis ta yau a wannan zamani aka shimfiɗa ta. Wani masanin harshe ɗan Nowe, Magne Oftedal, ya bi sunayen ƙauyuka 126 na tsibirin a wani nazari da ya fito a 1954, ya samu 99 daga ciki tsantsar harshen Nowe ne. Kalmarsu ta gona da gidan da ke cikinta, bólstaðr, ta narke a bakin masu Galik ta zama bost. Siabost gonar bakin teku ce, Tàbost gonar kan tudu, Liùrbost gonar yumɓu, Mealabost gonar yashi, Crosbost gonar da ke da gicciye, Suainebost kuma gonar wani mai suna Sveinn. Setr, mazauni ko makiyaya, ta koma siadar: ga Siadar ita kaɗai, ga Griomsiadar ta wani Grímr. Staðir ta bar Tolastadh da Mangarstadh. Waɗannan sunaye ne na manoma da suka raba ƙasa suka kafa iyaka, kowa ya san inda nasa ya tsaya. Har inda suka iske kangon ganuwar mutanen da sun ba shi suna da kalmarsu, borg, shi ne ƙauyen Borgh na yau.

Da yake mutanen jirgi ne, bakin teku ma da idonsu aka raɗa masa suna. Babban garin tsibirin, Steòrnabhagh, wanda Ingilishi ya mayar Stornoway, asalinsa Stjórnavágr, lungun da ake juya akalar jirgi a shiga. Ùig daga vík ne, lungun teku. Nis tsinin ƙasa ne. Beàrnaraigh tsibirin Bjørn ne. Lacasdal kwarin kifin samon ne, Lacasaigh kuma koginsa. Manyan duwatsun da matuƙi ke hangowa daga nesa suna ƙarewa da bhal, daga fjall, kamar Mealaisbhal da Suaineabhal. Akwai kuma Pabail da Pabaigh, waɗanda ke ɗauke da papar, sunan da baƙin ke kiran malaman Kirista da shi, shaidar cewa sun iske su a wurin ko sun ji labarinsu.

To ina mutanen da aka tarar? Masana sun rabu. Wasu na ganin rashin tsofaffin sunaye na nuna an kashe su, ko an sayar, ko an kore su, har ba wanda ya rage da zai gaya wa baƙo sunan tafki. Wasu, ciki har da Richard Cox wanda ya tattara dubban sunayen yankin Càrlabhagh ya buga a 2002, na ganin wasu sunayen Galik sun rayu a ƙarƙashin mulkin baƙin. Har harshen mutanen farkon ma ana gardama a kai, ko Galik ne ko na ƙabilar Pikt. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, duk inda talakawan ƙasa suka wanzu suna noma, da wuya mai cin yaƙi ya iya share sunayen koguna da tuddai. A Luwis kuwa kusan an share su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ya faru.

Mulkin Nowe ya daɗe. A 1098 sarkinsu Magnus ya zo da rundunar jiragen ruwa ya ƙone Luwis don ya tunatar da hakiman tsibirai wane ne ubangidansu, ya kuma sa sarkin Sikotland ya amince masa da mallakarsu. 'Ya'yan darar ces da aka sassaƙa da hauren dabbar teku, waɗanda aka tsinta cikin yashin Ùig a 1831, na ƙarni na 12 ne, kuma galibin masana na ganin a Trondheim ta Nowe aka yi su. Wani suna da ake dangantawa da wannan zamani shi ne Sruth nam Fear Gorm, igiyar shuɗɗan maza, ruwan da ke tsakanin Luwis da tsibiran Shiant. An ce wai wasu halittu shuɗɗa ne ke tare jirgi su jefa wa matuƙi baitin waƙa, in ya kasa mayarwa su nutsar da shi. Tsohon kundin tarihin Ailan ya ambaci bayin da maharan suka kamo daga arewacin Afirka a ƙarni na 9, ya kira su fir gorma, domin da wannan launi harshen ke siffanta baƙar fata. Wasu sun haɗa labaran biyu, amma hasashe ne kawai.

A 1263 sarki Haakon na Huɗu ya zo kare tsibiran, aka gwabza a Largs ba tare da an yi ta ta ƙare ba, ya rasu a Orkney kan hanyar komawa. A 1266, a yarjejeniyar Perth, ɗansa ya sallama wa Sikotland tsibiran a kan mak 4,000 da kuma mak 100 duk shekara. Harshen Nowe ya yi ta ja baya, Galik ya cika gida da gona. Ba a canja sunayen ƙauyuka ba, aka dai ci gaba da faɗarsu bayan an manta abin da suke nufi. Hujjar tana nan a fili. Langavatn a harshen Nowe dogon tafki ne. Masu Galik da ba su ƙara jin vatn a matsayin tafki ba sai suka ɗora tasu kalmar a gaba, ya zama Loch Langabhat, tafkin dogon tafki. Ƙarshen tsibirin na arewa Rubha Robhanais ne, inda rubha na Galik da nis na Nowe ke faɗin abu ɗaya. Ginin sunan ma yana tona asalinsa: mutanen Nowe kan fara da siffa su ƙare da abin, masu Galik kuwa su fara da abin su biyo da siffarsa ko mai shi. Wasu kalmomin baƙin kuma sun shige cikin Galik sun zama 'yan gida, irin su sgeir, falalen dutse a teku, da geodha, tsagin gaɓa, da geàrraidh, makiyayar bayan gari. Shi ya sa Gearraidh na h-Aibhne, makiyayar bakin kogi, suna ne na Galik ko da yake kalmar farko aro ce.

Daga nan ne sunayen Galik suka yi ta tsiro, kuma yawansu ya ninka na Nowe nesa ba kusa ba, sai dai ƙanana ne. Ƙauyukan da ke da sunan Galik tsantsa kaɗan ne: Baile Ailein, garin Ailean, An Cnoc, tudu, Achadh Mòr, babban fili, wanda kusan shi kaɗai ne ba ya bakin teku. Amma a bar hanya a shiga jeji, kowane taku da sunansa. Cnoc, tom, druim da beinn duk tudu ne, kowanne da girmansa da siffarsa. Allt rafi, abhainn kogi, tobar rijiya ko idon ruwa, bealach mashiga tsakanin duwatsu. Launi yana da aiki a ciki. Abhainn Dearg jan kogi ne, Abhainn Dubh baƙi, kuma a jeji gorm kan nuna inda ciyawa ta yi kore shar, wurin da saniya za ta ƙoshi. Beinn Mholach dutse ne mai gashi, saboda tsirran da suka rufe shi. Jerin duwatsun da ake hangowa kudu da Calanais, masu kama da mace a kwance, Cailleach na Mòintich ne, tsohuwar jeji. An Tairbeart a Haris ƙuƙumin ƙasa ne tsakanin ruwa biyu inda ake jan jirgi a tsallaka. Ba don ado aka sa su ba. Da su uwa ke gaya wa yaro inda zai sami maraƙin da ya ɓata, da su masunci ke daidaita tudu da tsinin ƙasa ya gane inda zai jefa ƙugiya.

Mafi yawan waɗannan sunaye aikin mata ne, ta hanyar àirigh. Da bazara ta kama, shuka ta fito a gonakin bakin gari, sai mata da 'yan mata da yara su kora shanu cikin jeji su yi makonni a bukkokin dutse da ƙasa, suna tatsa suna kaɗa mai suna yin cuku, maza kuma na gida ko na kamun kifi. Duk wanda ya san yadda Fulani ke tashi zuwa mashekari don shanu su bar wa manomi gonarsa ya san dalilin. Kowane ƙauye da ɓangarensa, kowace bukka da sunan mai ita ko na rafin da take kai. Wasu sun girma sun zama ƙauyuka, kamar Àirigh a' Bhruaich, mashekarin bakin gangare. Akwai sunan da ake samu a tsibiri fiye da ɗaya, Àirigh na h-Aon Oidhche, mashekarin dare ɗaya. An ce wai dokin ruwa, each-uisge, wanda kan rikiɗa ya zama mutum, ya shigo wa 'yan mata a darensu na farko, daga ranar ba wanda ya sake kwana a wurin. Labarin tatsuniya ne, amma yana hana yara kusantar tafki mai zurfi. Kalmar àirigh ta tsufa ƙwarai, har mutanen Nowe sun are ta sun kai ta tsibiran Faro.

Bayan 1266 iko ya koma hannun dangogi, daga baya a ƙarƙashin Sarakunan Tsibirai, har 1493 da sarki James na Huɗu ya ƙwace sarautar. Zuriyar MacLeod ke riƙe da Luwis, Morrison na Nis su ne alƙalai na gado kuma mafakarsu Dùn Èistean, MacAulay kuma na Ùig. Gabarsu ta bar labarai a kan duwatsu. Ana cewa Clach an Truiseil, dutsen da ya kusa mita 6 a tsaye, alamar yaƙin ƙarshe ce tsakanin Morrison da MacAulay, alhali ya girme su da shekaru dubbai. Ana kuma cewa Dòmhnall Cam MacAulay ya hau bangon Dùn Chàrlabhaigh da wuƙaƙe biyu ya jefa wa ɓarayin shanu na Morrison ciyawa mai wuta a ciki. Dòmhnall Cam mutum ne na gaske da ya rayu wajen 1600, hawan bangon kuwa a bakin mutane aka same shi. Abin da takardu suka tabbatar ya fi wannan muni. A 1598 James na Shida ya ba wasu attajiran Fife izinin mamaye Luwis ko da za su ƙarar da mutanenta. An fatattake su, suka dawo, aka sake fatattakarsu. A 1609 dokokin Iona suka tilasta wa shugabannin dangi su tura magadansu makarantun kudu su koyi Ingilishi, a 1610 tsibirin ya faɗa hannun Mackenzie, a 1613 aka rataye Niall MacLeod, wanda ya daɗe yana turjiya daga tsibirin Bearasaigh. Sarautar Seaforth da Mackenzie suka samu a 1623 daga Loch Sìophort aka ɗauko ta, sunan Nowe da ya bi ta bakin Galik ya fito da rigar Ingilishi.

Duk waɗannan yaƙe-yaƙe ba su kashe sunaye ba, tunda masu kiran su na nan a gonakinsu. Tumaki ne suka fara kashe su. Daga farkon ƙarni na 19 masu ƙasa suka ga hayar makiyayan tumaki ta fi ta talakawa riba, aka shiga tashin ƙauyuka. Yankin A' Phàirc ya rasa ƙauyukansa ɗaya bayan ɗaya. An tashi Mealasta ta yankin Ùig a 1838, an tashi Leumrabhagh da Orasaigh a 1843 aka kai mutanensu Crosbost. A 1844 James Matheson, wanda ya tara dukiyarsa da cinikin ofiyom a ƙasar Sin, ya sayi Luwis a kan fam 190,000. Cutar dankali ta 1846 ta kawo yunwa. Matheson ya ciyar, ya buɗe ayyuka, amma daga 1851 ya shiga biyan kuɗin jirgi ana kwashe waɗanda bashin haya ya ci, kimanin mutum dubu biyu cikin 'yan shekaru, yawanci zuwa Kanada. An tashi Gabhsann a 1863. Waɗanda suka sauka a dazukan Kubek sun raɗa wa sababbin mazaunansu Stornoway da Tolsta da Galson, kuma Stornoway ta can tana nan har yau, cikin masu jin Faransanci. Sunan ƙauye yana bin mai shi ya haye teku. Sunan rijiyar bayan gida da na dutsen da ake shanya kaya ba sa tafiya, kuma makiyayin haya guda ɗaya da ya gaji ƙasar ƙauye goma ba ya bukatarsu.

A daidai wannan lokaci ne aka fara rubuta su. Bisa roƙon Matheson, 'yan safiyon gwamnati suka auna Luwis daga 1848 zuwa farkon shekarun 1850, tun kafin su kai ga yankuna da yawa na Sikotland. Sun bi gida gida suna tambaya, suna cika littattafan suna da wanda ya faɗa da yadda ake rubutawa. Dole a yaba musu, domin dubban sunaye ba don su ba da sun salwanta. Amma yawancin ma'aikatan ba sa jin Galik, kuma a takardun haya da na gidan waya siffar Ingilishi ce ta yi rinjaye: Siabost ta zama Shawbost, Pabail ta zama Bayble, An Rubha aka fassara shi Point. Dokar ilimi ta 1872 ta wajabta makaranta ba tare da ta ba Galik gurbi ba, yara da yawa sun sha bulala saboda yin harshen iyayensu. Aka tashi tsara mai faɗin sunan garinsu daidai amma ba ta iya rubuta shi sai yadda baƙo ya rubuta.

Talakawa ba su zauna ba. A 1874 mutanen Beàrnaraigh suka yi tattaki zuwa Steòrnabhagh kan ƙwace musu makiyaya, shari'ar da ta biyo baya ta karya wakilin mai ƙasa, Donald Munro. A gaban kwamitin bincike na Napier a 1883 dattawa sun yi ta lissafa ƙauyukan da aka tasa da sunayensu, sunan nan shi ne takardar shaidarsu. Dokar 1886 ta hana korar ƙaramin manomi muddin yana biyan haya, amma ba ta mayar da ƙasar da aka ƙwace ba. Shi ya sa a Nuwamba 1887 mutanen yankin Na Lochan, da jagorancin malamin makarantar Baile Ailein, Donald MacRae, suka shiga A' Phàirc suka karkashe barewar masu farauta, a Janairu 1888 kuma aka yi arangama da soja a gonar Aignis.

A 1918 tsibirin ya sake samun mai saye, Lord Leverhulme mai sabulun Sunlight. Wannan suna ba baƙo ba ne a ƙasarmu, domin kamfaninsa ne ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga baya ya shiga cikin UAC da ya yi ta sayen gyaɗar Kano. Burinsa ya mayar da mutanen Luwis ma'aikatan masana'antar kifi, su kuwa sojojin da suka dawo daga yaƙi gonar da aka yi musu alkawari suke so. Ga kuma makoki. Da asubar 1 ga Janairu 1919 jirgin Iolaire, ɗauke da masu dawowa gida, ya daki duwatsun da ke bakin mashigar Steòrnabhagh, mutum 201 suka halaka ana hangen fitilun gari. Sunan duwatsun Biastan Thuilm, dodannin Tolm, rabi Galik rabi Nowe, gargaɗi ne da masunta suka daɗe da sani. Sojojin da suka dawo suka mamaye gonakin Col da Griais, Leverhulme ya dakatar da ayyukansa ya koma Haris, inda aka sauya wa ƙauyen An t-Òb suna zuwa Leverburgh. A 1923 ya ba mutanen Steòrnabhagh ƙasar yankinsu kyauta, a shekarar kuma jirgin Metagama ya kwashi matasa kimanin 300 zuwa Kanada. A 1924 aka sake zaunar da Gabhsann. Leverhulme ya rasu a 1925, aikin Haris ya tsaya nan take. Mutanen wurin ba su taɓa daina cewa An t-Òb ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fita àirigh ta mutu a hankali. Madara ta koma ta shago, shanu suka ragu, tumaki ba sa bukatar mai kwana tare da su. A ganina wannan asara ta fi ta zamanin 'yan safiyo, domin ba wanda ya tilasta ta kuma ba wanda ya lura da ita sai da tsofaffin matan da suka san jejin suka fara ƙarewa. Gyara ya fara a 1975 da aka kafa majalisar tsibiran, Comhairle nan Eilean, wadda ta ɗauki harshe biyu a aikinta ta kuma mayar da siffar Galik kan allunan hanya. A 1977 mutanen Nis suka kafa ƙungiyar tarihin yankinsu, Comunn Eachdraidh Nis, sauran yankuna suka bi sahu, ana zama da dattawa da taswira da rikoda. Dokar harshen Galik ta zo a 2005, a 2006 kuma aka kafa Ainmean-Àite na h-Alba don daidaita rubutun sunaye.

Amfanin wannan tattarawa ya fito lokacin da wani kamfani ya nemi kafa manyan fankokin lantarki 181 a jejin arewacin Luwis. Masu goyon baya na cewa fili ne da ba kowa, kuma tsibirin na bukatar aikin yi, wanda gaskiya ne. Masu adawa suka fito da sunayen bukkoki da rafuka da hanyoyin shanu, da kalmomin aikin mòine, don su nuna ƙasa ce da aka sani taku taku. Gwamnatin Sikotland ta ƙi amincewa a Afrilu 2008, ko da yake hujjarta a hukumance dokar kare tsuntsaye da muhallinsu ce. A wannan tsakani ƙasar ta ci gaba da komawa hannun mazaunanta: mutanen Gabhsann sun sayi tasu a 2007, na A' Phàirc a 2015.

Harshen dai yana ci gaba da raguwa. Ƙidayar 2011 ta nuna kashi 52 cikin ɗari na mutanen tsibiran na jin Galik, ta 2022 ta nuna kashi 45. Bost da siadar ba abin da zai same su, suna kan allo da takardar wasiƙa, sun ma riga sun rayu shekara ɗari bakwai ba tare da an san ma'anarsu ba. Waɗanda ke cikin haɗari su ne na jeji da na gaɓa, kuma su ne ƙungiyoyin tarihi da makarantun da ke koyarwa da Galik ke fita da yara su nuna musu a inda suke.